Lab sun ce ƙodar Mama ta yi rauni amma ita garau take jin kanta, ya abin yake?

Tambaya: Salamu alaikum dokita. Mamana shekararta 62, tana da hawan jini da suga, muna zaune Aboabo nan Kumasi. An mata gwajin jini, kiriyatinin 210, eGFR 23, aka ce mu je Gee, wato asibitin Komfo Anokye, mu ga likitan ƙoda. Amma wallahi ba abin da ke damunta, kullum tana Kejetia wajen kasuwarta. Ga wani yaron maƙwabtanmu ɗan shekara 30, fuska ta kumbura ƙafa ta kumbura, an ce shi ma ƙoda ce, alhali kiriyatinin nashi 95 ne kawai. Anya ba lab ne suka yi kuskure ba?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya, shi ma yaron Allah ya sawwaƙe masa. In gajarce miki tukuna: da wuya a ce lab ne suka yi kuskure, risalt ɗin nan guda biyu duk suna iya zama daidai, kuma kada lafiyar da Hajiya take ji ta sa ku ɗage zuwa Gee. Yanzu bari in miki bayanin dalili, ki yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Ƙoda biyu Allah ya ba mutum, kowace akwai ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya a cikinta, kuma a kwana ɗaya suna tace ruwan jini kusan lita 180, su maida kusan duka cikin jiki su fitar da abin da bai fi lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba, shi ne fitsari. Toh ki ɗauki matatan nan kamar rariyar tankaɗe. Rariya iri biyu take lalacewa, ko dai ta toshe gari ya daina wucewa, ko ta yage tsaki ya riƙa zubowa tare da gari. In ta toshe, dattin da ya kamata ya fita shi ke taruwa cikin jini, nan ne kiriyatinin yake hawa. In ta yage, abin da ya kamata ya zauna cikin jini, wato furotin ɗin da ake kira albumin, shi ke tsiyayewa cikin fitsari, kuma wannan kiriyatinin ba ruwanshi da shi, yana iya zama lafiya lau a takarda. Ta Hajiya alama ta toshewa ce. Ta yaron, daga yadda kika faɗa, ta fi kama da yagewa, don in albumin ya ragu a jini ruwa ba ya zama cikin jijiya, sai ya fita ya kwanta a ƙafa da fuska har da ciki, shi ya sa za ki ga da safe idanunshi sun yi luhu-luhu, da yamma kuma ƙafa ce ke cika. Ban gan shi ba, amma na san in aka duba fitsarinshi furotin za a samu da yawa. Duk su biyun ciwon ƙoda ne, sai dai ba waje ɗaya ya taɓu ba.

Shi kiriyatinin datti ne da naman jikin mutum, wato tsoka, ke fitarwa kullum, ƙoda kuma ta kwashe. Nan Ghana yawancin lab da maikromol suke rubutawa, za ki ga a gefe sun sa wajen 60 zuwa 110 ga namiji, 45 zuwa 90 ga mace, kowane lab da ɗan bambancinshi. In kika ga wata takarda an rubuta 1.2 ko 2.4 kada ki rikice, ma'aunin ne daban, ki ninka da 88 zai ba ki irin namu. Matsalar kiriyatinin ita ce ya danganta da yawan tsokar mai shi. Ƙaton saurayi mai ɗaukar kaya a Kejetia ko mai ɗaga ƙarfe, nashi zai fi na 'yar tsohuwa da ta rame ko da ƙodarsu ɗaya ce. Lamba 115 a jikin saurayi ɗan 25, in aka lissafa eGFR, wato ma'aunin ƙarfin tacewar ƙoda, zai fito wajen 78, ita wannan 115 ɗin a jikin mace 'yar 70 wajen 44 za ta bayar, kin ga ɗaya ba wani abin tashin hankali, ɗayar kuma ta shiga mataki na uku na ciwon ƙoda. Sannan abin da ya fi ɓata min rai da shi, ba ya saurin nunawa, mutum na iya rasa kusan rabin aikin ƙodarshi kafin lambar ta tsallake layin da lab suka ja, sai a ce masa komai nomal ya tafi gida yana murna. Akwai kuma abubuwan da ke ɗaga shi ba tare da ƙoda ta lalace ba, kamar mutum ya ci tsire ko balangu ya ƙoshi a daren da zai yi gwaji, ko yana shan Septrin, ko irin garin kiriyatin da samarin jim ke sha. Amma waɗannan ɗan kaɗan suke ɗagawa, ba za su kai mace mai shekara 62 zuwa 210 ba.

Don haka ne aka fito da eGFR. Ba wani gwaji ne daban ba, lissafi ne, ana haɗa kiriyatinin da shekaru da ko mace ce ko namiji sai ya ba da ƙiyasin yawan jinin da ƙoda ke tacewa a minti ɗaya. Na lissafa na Hajiya da kaina, 210 ga mace 'yar 62 yana ba da 22 zuwa 23, toh lissafin lab ɗin daidai ne. A sauƙaƙe mukan ce wa mutane su ɗauke shi kamar kashi cikin ɗari, ba daidai-wa-daida ba ne amma yana taimakawa. Daga 90 zuwa sama mataki na ɗaya, 60 zuwa 89 na biyu, kuma waɗannan biyun ba a ce musu ciwo sai in akwai wata alamar kamar furotin ko jini a fitsari ko wani abu a sikanin. 30 zuwa 59 na uku, 15 zuwa 29 na huɗu, nan Hajiya take, ƙasa da 15 na biyar. Wani abu kuma da ya kamata ku lura, wasu takardun lab har yanzu suna fito da lamba biyu, ɗaya wai ta baƙar fata wadda ta fi ɗayar da wajen kashi 16 cikin ɗari. Tsohon lissafin Amurka ne, su kansu sun cire shi a 2021, mu nan ma ya fi sa a ga kamar ƙoda ta fi yadda take ƙarfi. Ki ɗauki ƙaramar lambar.

Gwaji ɗaya dai ba ya yanke hukunci. Kafin a ce ciwon ƙoda ne na dindindin sai an ga matsalar ta kai wata uku. Ƙoda tana iya faɗuwa farat ɗaya, saboda gudawa da amai, ko maleriya mai tsanani, ko wani magani, ko jiƙo, ko fitsari ya toshe kamar yadda ake gani ga dattawa maza masu kumburin furostet, irin wannan in an kama da wuri sau da yawa tana dawowa. Shi ya sa tambayar farko da likita zai miki ita ce ina tsohon risalt. Dan Allah ku bincika ledar takardun Hajiya, ko na shekara uku baya ne. In a da 150 ne, bara 180, yanzu 210, mun san a hankali take sauka. In wata biyu baya 80 ne yanzu 210, wannan maganar gaggawa ce, ba ta jiran ranar kilinik ba. In babu tsohon risalt kwata-kwata a maimaita gwajin cikin sati ɗaya zuwa biyu.

Sauran abin da ke jikin takardar da muke kira BUE da kiriyatinin: yuriya, ita ma datti ce amma ba ta da amana sosai, rashin shan ruwa ko cin nama da yawa ko zubar jini a ciki duk suna ɗaga ta. Sodiyam da bayikabonet ki bar wa likita. Wanda nake so ki nemo da idonki yau ɗin nan shi ne fotasiyam, harafin K ake sa masa. Daidai shi ne wajen 3.5 zuwa 5. In ya kai 6 ko ya wuce, ku tafi imajensi ko da Hajiya tana dariya tana ba da labari, don fotasiyam zuciya yake tsayarwa kuma sau da yawa ba ya ba da sanarwa.

Abin da ban gani ba a tambayarki shi ne gwajin fitsari, kuma rabin labarin yana can. Gwajin fitsari na yau da kullum, wato Yurin R/E, da ake yi ko'ina da ɗan tsinken nan yana nuna furotin da jini, amma ƙaramin yoyo yana wuce shi. Wanda ya fi shi shi ne ACR, gwajin da ke auna yawan albumin ɗin da ke yoyo cikin fitsari, fitsarin farko na safe ya fi kyau. Ƙasa da 3 lafiya, 3 zuwa 30 an fara yoyo, sama da 30 yoyo ya yi yawa, in kuma lab ɗin da miligiram bisa giram suke aunawa lambobin su ne 30 da 300. Ga mai suga wannan gwajin shi ke fara nunawa, shekaru kafin kiriyatinin ya motsa. Mutum biyu masu eGFR iri ɗaya, wanda ACR ɗinshi ya yi sama ya fi saurin kaiwa ga wankin ƙoda nesa ba kusa ba. Sai sikanin, a ga girman ƙodar, ta babba takan kai santimita 9 zuwa 12, in ta ƙanƙance ta motse alamar ciwon ya daɗe ne, kodayake ta masu suga takan riƙe girmanta ko ta lalace. Da gwajin yawan jini, shi ma a yi.

Yanzu maganar da ta fi damunki, me ya sa Hajiya ba ta jin komai. Babban dalili shi ne saurin faɗuwar. In ƙoda ta ɗauki shekara goma tana sauka a hankali, matatan da suka rage suna ƙara ƙoƙari, jiki kuma yana sabawa da dattin, har mutum ya kai 15 ko ƙasa yana hawa motar haya ta trotro yana zuwa kasuwa. Wanda tashi ta faɗi cikin kwana biyar kuwa, da lambar da ba ta kai wannan ba za ki gan shi a galabaice. Na biyu, ƙoda ba tace datti kawai take ba, tana daidaita ruwa da gishiri, tana riƙe hawan jini, tana fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini, tana gyara bitamin D don ƙashi, kuma waɗannan ayyukan ba rana ɗaya suke lalacewa ba, kowa da wanda ke fara ba shi matsala. Wani ƙarancin jini ne zai fara damunshi, gajiya, haki in ya hau bene, cikin ido da tafin hannu su yi fari. Wani ƙaiƙayi ne, ya yi ta susa da dare ya canja sabulu ya canja mai a banza. Wani abinci ne zai fita ranshi musamman nama, bakinshi na ɗaci kamar ya tsotsi ƙarfe, tashin zuciya da safe, shaƙuwa mai naci. Wani ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare. Wani kuma ba komai sai hawan jini da ya ƙi jin magani.

Na uku kuma, wanda na fi gani a zangonninmu, alamun suna nan amma an ba su wani suna. Gajiya an ce tsufa ne ko wahalar kasuwa. Tashi fitsari sau uku sau huɗu da dare an ce suga ne, alhali yana cikin alamun farko-farko, don ƙodar da ta yi rauni ba ta iya tattara fitsari ya yi kauri da dare. Tashin zuciya an ce olsa. Kasala an ce maleriya da taifod, a je kantin magani a sayo, wata ya zagayo a sake sayowa, ba wanda ya ce a duba ƙoda. Ki zauna da Hajiya ki tambaye ta ɗaya bayan ɗaya, ban da ki ce Mma lafiya ko, don lafiya lau za ta ce miki, iyayenmu ba sa son a gan su kwance. Ki ce sau nawa kike tashi da dare, fitsarin yana kumfar da ba ta kwanciya, takalmi yana matse ki da yamma, kina cinye abincinki kamar da. Zan yi mamaki in ba ki samu ko ɗaya ba.

Abu biyu da mutane ke riƙe da su suna yaudarar kansu. Wai ai ina fitsari sosai, toh yawan fitsari ba ya nuna an tace datti, da yawa suna fitsari cike da bokiti har ranar da aka fara musu wanki. Sai ciwon baya, duk wanda ƙugu ya riƙe shi sai ya ce ƙoda, alhali irin ciwon ƙodar da suga da hawan jini ke kawowa ba ya ciwo, mai ciwo shi ne tsakuwa ko infekshan, mafi yawan ciwon ƙugu kuwa na ƙashi da tsoka ne. Abin takaicin sai mai ciwon ƙugun ya dinga haɗiyar daiklofenak da Brufen kullum, su kuma su ne ke cin ƙodar.

Tunda Hajiya na da suga, ga wani abu da nake so ki riƙe da kyau. Ƙoda ce ke kwashe insulin da wasu magungunan suga daga jini. In ta yi rauni suna daɗewa a jiki, sai suga ya fara sauka, mutum ya yi ta murna wai ya warke ko wai jiƙon da aka ba shi ne ya yi aiki. Ba warkewa ba ce. In tana shan gilibenkilamaid, sugan na iya faɗuwa ƙasa warwas ta suma. Metfomin kuma ba a shan shi in eGFR ya yi ƙasa da 30. Don haka cikin satin nan, tun kafin ranar Gee ta zo, ku kwashi duk magungunanta a leda ku kai wa likitan da ke duba sugan nata, ku nuna masa 23 ɗin nan, shi zai canja. Kada ku tsayar da komai da kanku, musamman na hawan jini. Lisinofiril da losatan, mutane na jin ana cewa suna taɓa ƙoda sai su watsar, alhali su ne ke rage yoyon furotin suna ja wa ƙoda kwana. In an fara su kiriyatinin na iya ɗan hawa, har zuwa kashi 30 cikin ɗari muna yarda da shi, abin da ake bi shi ne a sake gwaji bayan sati ɗaya ko biyu a duba fotasiyam. Akwai kuma sababbi irin su dafagiliflozin da aka tabbatar suna rage saurin lalacewar, ku tambaya ko ya dace da ita, sai dai da ɗan tsada.

Game da yaron maƙwabtanku, su ma kada ƙaramar lambar ta ruɗe su. Mai irin wannan kumburin ana duba masa ciwon hanta na B da C, da HIV, da sikila, wani lokaci har sai an ɗebi ɗan ƙaramin naman ƙodar da allura an duba kafin a san maganin da za a ba shi, kuma wasu nau'in suna jin magani sosai. Mu mutanen Afirka ta Yamma akwai wani ƙwayar gado mai suna APOL1 da aka gano alaƙarshi da ciwon ƙoda a 2010, wasu nau'o'inshi suna kare mutum daga wani irin ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa amma suna sa ƙoda saurin lalacewa, kuma suna da yawa a Ghana da Najeriya. Yana cikin dalilin da ya sa nan za ki ga ɗan shekara 30 ko 40 a kan injin wanki, alhali a Turai yawanci tsofaffi ne. Wannan ya shafe ki ke ma, uwa na da suga da hawan jini da ƙoda, toh ke da 'yan'uwanki ku auna BP da suga da fitsari da kiriyatinin, sau ɗaya a shekara ya isa in komai lafiya.

Abinci ba zan ba ki doguwar doka ba tunda ban ga fotasiyam ɗinta ba. Gishiri dai tabbas a rage, abin da ake so kada ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin lissafin har da magi da kifin gishiri irin su momoni da koobi da yajin shito da kanwar da ake sa wa miya. Filanten, ayaba, kontomire wato ganyen gwaza, ruwan kwakwa, lemu, tumatirin gwangwani, waɗannan fotasiyam gare su, amma ba kowane mai ciwon ƙoda ake hanawa ba, sai wanda nashi ya hau. Na sha ganin an hana tsohuwa komai da komai har ta rame ta lalace, wannan ma cuta ce. Ruwa ta sha daidai ƙishinta sai in likita ya ƙayyade mata, maganar a yi ta ɗura ruwa wai a wanke ƙoda ba ta da tushe, ga mai kumburi ma huhu yake cikawa. Bitas da jiƙe-jiƙen da ake tallarsu a mota da rediyo wai suna wankin ƙoda, dan Allah a ajiye, ba wanda ya san abin da ke ciki kuma ƙodar da ta rage 23 ba ta da rarar da za a yi gwaji da ita. Azumi kuma, a mataki na huɗu ga suga, yawanci shawararmu kada a yi, ku haɗa maganar likita da ta malam tun kafin watan ya kama.

Na san abin da ke ranki shi ne dayalisis, wato wankin ƙoda. 23 ba lambar wanki ba ce. Yawanci sai an sauka wajen 10 ko ƙasa, kuma ko a nan ba lamba kaɗai ake kallo ba, ana duba amai, ruwa a huhu, fotasiyam da ya ƙi sauka, da ramewa. Abin da ya lalace ba ya dawowa, gaskiya ke nan, amma akwai masu zama a mataki na huɗu shekaru in BP ya zauna ƙasa da 130 bisa 80, suga ya daidaita, aka kiyaye magungunan ciwon jiki. Ku sayi na'urar awon BP ta gida in da hali, a riƙa rubutawa a ɗan littafi safe da yamma.

Ranar zuwa Komfo Anokye ku tafi da takardar da aka tura ku da ita, katin inshora, duk tsofaffin risalt, littafin BP, da ledar magunguna har da na gargajiyan, kada a ɓoye don kunya. In kafin ranar kika ga numfashinta na yin sama-sama musamman in ta kwanta, ko amai ya ƙi tsayawa, ko fitsari ya ragu sosai, ko ta fara rikicewa da yawan barci, ko ƙirji na ciwo, kada ku jira, imajensi za ku wuce da ita ko ƙarfe biyun dare ne.